Yaran jirgin Belgrano: ƙuri'a ce ta kai su teku

Malam Sabo, Gangare:
Assalamu alaikum jama'ar zaure, barkanmu da war haka. Ranar 2 ga Mayu ta matso, ranar da jirgin ƙarƙashin teku na Ingila mai suna Conqueror ya nutsar da jirgin yaƙin Ajantina, General Belgrano, a shekarar 1982, lokacin yaƙin tsibiran Fokland, waɗanda mutanen Ajantina ke kira Malbinas. Mutum 1,093 ne a cikin jirgin, 323 suka rasu. Duk yaƙin, daga 2 ga Afrilu zuwa 14 ga Yuni, sojan da Ajantina ta rasa 649 ne, ka ga kusan rabinsu da yammacin rana ɗaya suka tafi. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yaran da aka ɗebo aikin soja na tilas, 'yan shekara 18 da 19. Ina roƙon masana a cikinmu su warware mana yadda aka ɗebo su, abin da ya kashe su, da yadda ake tunawa da mamacin da ba shi da kabari.

Ɗanlami, Farin Gada:
Wa alaikumus salam Malam. Ni abin da na sha ji shi ne kusan duk waɗanda suka mutu ɗin yaran tilas ne, manyan suka tsere suka bar su.

Baba Ishaya, Rukuba:
A'a ɗana, a gyara wannan tun da wuri kada ta bi gari. Lissafin mutanen jirgin a rubuce yake: hafsoshi 56, ƙananan hafsoshi masu igiya 627, yaran tilas 408, sai farar hula 2. A cikin mamata kuwa hafsoshi 3, masu igiya 216, yaran tilas 102, da farar hular nan biyu, wa da ƙani ne masu kula da kantin jirgin. Ka haɗa ka gani, 323. Wato cikin kowane yaro huɗu da aka ɗebo, ɗaya bai koma gida ba. Masu igiya sun fi yawa a mamata saboda su ne masu aikin inji da wuta a can ƙasa, kuma da yawansu su ma samari ne da ba su daɗe da fitowa makarantar horo ba. Maganar tserewa kuma ba ta taso ba. Kwamandan jirgin, Kyaftin Héctor Bonzo, yana cikin mutum biyu na ƙarshe da suka bar shi, shi da wani mai igiya Ramón Barrionuevo. Akwai hoton da wani laftana ya ɗauka daga cikin kwale-kwalen ceto, jirgin ya kwanta a gefe, bindigoginsa sun ɗaga sama.

Yadda ake ɗibarsu kuwa, doka ce tun 1901. A wancan zamanin, kowace shekara a kan yi ƙuri'a ga duk samarin da aka haifa a shekara guda. Ana duba lambobi uku na ƙarshe na katin shaidar ɗan ƙasa, a juya ƙwallaye, kowace lamba a haɗa ta da wata lambar ƙuri'a, ana karantawa a rediyo, iyaye sun kasa kunne. Wanda ya sami ƙaramar lamba ya kuɓuta. Masu matsakaiciya sojan ƙasa, na sama da su sojan sama, mafi girman lamba su ne sojan ruwa. Daga nan sai gwajin lafiya, sai aski, sai kaki. Waɗanda yaƙin ya ritsa da su haihuwar 1962 da 1963 ne. Wasu daga lardunan arewa masu zafi suka fito, inda babu teku ko kusa, ba su taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba. Mutanen ƙasar suna kiran irin wannan soja kolimba, suna cewa an harhaɗo kalmar ne daga gudu, goge-goge da shara, domin aikin da aka fi sa su ke nan.

Ɗanlami, Farin Gada:
Na gode Baba, na karɓi gyara. To amma ƙaton jirgi haka, yaya za a yi harbi biyu ya gama da shi cikin awa ɗaya?

Injiniya Auwal, Bukur:
Sai ka fara sanin shekarun jirgin. Na Amurka ne asalinsa, sunansa Phoenix, an sa shi a ruwa a 1938, yana Pearl Harbor ranar da Japan ta kai hari a Disamba 1941, ya fita lafiya. A 1951 aka sayar wa Ajantina. Ka ga ranar da aka harbe shi ya haura shekara 43. Tsawonsa mita 185, kusan filin ƙwallo biyu a jere, nauyinsa in an cika shi ya haura tan 13,000, yana da manyan bindigogi 15 masu bakin inci 6. A saman ruwa abin tsoro ne. Amma ba shi da na'urar sauraren abin da ke ƙarƙashin ruwa, ya dogara ne da jirage biyu masu rakiya, Piedrabuena da Bouchard, su ma tsofaffin Amurka ne. Conqueror kuwa da nukiliya yake tafiya, ba ya buƙatar leƙowa sama, ya bi sawunsu fiye da kwana guda ba wanda ya ji motsinsa.

Kwamandansa, Chris Wreford-Brown, yana da tofido, wato makamin da ake harbawa ta ƙarƙashin ruwa, iri biyu. Akwai sabon, Tigerfish, da ake jan akalarsa da waya, amma ba a yarda da shi ba don ya sha ba da kunya a gwaji. Akwai tsohon, Mark 8, ƙirar shekarun 1920, wanda in ka saita shi tafiya kawai yake yi miƙe, sai dai kansa na ɗauke da abin fashewa kusan kilo 365. Tsohon ya zaɓa. Irin wannan sai an matso, don haka ya zo kusan mita 1,300 daga gefen hagu, ya saki uku a ɗan bazu, yadda ko an kuskure saurin jirgin wani zai samu. Biyu suka samu, da misalin ƙarfe 4 na yamma agogon Ajantina, ranar Lahadi.

Ɗaya ya datse goshin jirgin, kamar mita 15. Wannan bai kashe jirgin ba, bangayen ciki na gaba sun riƙe. Ɗayan ne ya yi ɓarnar. Ya shiga ta baya, daidai inda sulken gefen jirgin ya ƙare, ya fashe a ɗakin inji na baya. Fashewa a rufaffen wuri hanyar fita take nema, sai ta yi sama, ta ratsa ɗakunan cin abinci da wurin hutawa, ta huda benen sama. Ƙarfe 4 lokacin canjin aiki ne, wasu sun sauko shan shayi, wasu suna kwance a gadajensu kusa da wurin. Mutum wajen 270 a nan suka ƙare, cikin 'yan daƙiƙu ko mintoci, da wuta da hayaƙi da ruwa.

Abin da ya hana a ceci jirgin shi ne wutar lantarki. Fashewar ta kashe ta gaba ɗaya. Babu wuta babu famfon kwashe ruwa, babu matsin ruwan kashe gobara, babu lasifikar ba da umarni, babu fitila a lunguna, babu rediyon neman agaji. Ruwa na shiga gefe ɗaya, jirgi na karkata hagu, kuma da zarar ya karkata ƙofofi da ramukan da ke sama da ruwa sai su koma ƙarƙashinsa, shigar ta ninka. Da baki aka riƙa miƙa umarni daga mutum zuwa mutum. Wajen 4:23 Bonzo ya ce a bar jirgi. Ƙarfe 5 ya nutse.

Hajiya Binta, Anguwar Rogo:
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Injiniya, su masu rakiyar ina suke? Ai don irin wannan ranar aka haɗa su.

Injiniya Auwal, Bukur:
Hajiya, ba su san abin da ya faru ba nan take. Suna da nisan kilomitoci, ga hazo, ga yamma ta yi, kuma Belgrano ya yi shiru tunda rediyonsa ya mutu. Mutanen Bouchard sun ji wani abu ya doki jikin jirginsu, ana kyautata zaton tofido na uku ne da bai fashe ba, sai suka ɗauka su ake hari.

Baba Ishaya, Rukuba:
In ƙara a kan na Injiniya. Ko da sun gani da idonsu, ƙa'idar sojan ruwa ba ta yarda jirgi ya tsaya cak a inda aka san akwai jirgin ƙarƙashin teku ba. Da jini aka koyi wannan. Ranar 22 ga Satumba 1914 jirgin Jamus guda ɗaya, U-9, ya harbi Aboukir na Ingila, Hogue ya tsaya kwasar mutane aka harbe shi, Cressy ya tsaya shi ma aka harbe shi. Mutum sama da 1,400 suka mutu a safiya ɗaya, cikinsu har da yara 'yan makarantar sojan ruwa. Ƙa'idar tana da hujja, amma wanda ke cikin ruwa shi ke biyan kuɗinta.

Dakta Rifkatu, Tudun Wada:
Bari in ɗauka daga inda suka shiga ruwa, domin a nan ne abin da aka yi daidai ya fito. Mutum 770 suka tsira, kuma a irin wancan teku wannan adadi ne mai yawa ƙwarai. Dalili na farko, jirgin na da kwale-kwalen iska masu rumfa guda 72, kowane na ɗaukar mutum 20, 62 sun ishi kowa, sauran na ko-ta-kwana. Na biyu, kowane mutum an riga an ba shi lambar kwale-kwalensa, an kuma yi ta maimaita atisayen barin jirgi tun da suka bar tashar Puerto Belgrano ranar 16 ga Afrilu. Yaron da bai iya iyo ba, a cikin duhu, ƙafarsa ta san hanyar da za ta bi.

Mu a Jos muna ganin mun san sanyi, in Disamba ta yi awo ya sauka ƙasa da 10 kowa na neman garwashi. To wancan ruwan kaɗan ya rage ya daskare, ga iska mai ƙarfi, ga jiki a jiƙe, kuma ruwa na janye ɗumin jiki kusan sau 25 fiye da iska. Wanda ya faɗa ciki, minti na farko numfashi ne ke ƙwace masa, ya shaƙa ba da niyya ba, in kansa na ƙarƙashi ya sha ruwa ke nan. Cikin kamar minti 10 yatsu da hannuwa su daina aiki, ya kasa kama igiya ko da tana gabansa. Shi ya sa ake so a sauka cikin kwale-kwale kai tsaye ba tare da an jiƙe ba. Karkatar jirgin ta taimaki wasu a nan, domin gefen hagu ya sauko har kusa da ruwa, suka taka suka shiga. Wasu kwale-kwalen kuma iska ta tura su kan yagaggen ƙarfen goshin jirgin suka fashe, mutanen ciki suka faɗa ruwa mai haɗe da baƙin mai.

Da dare hadari ya taso. Da farko sun ɗaure kwale-kwalen da juna don a same su wuri ɗaya, amma igiyar ruwa na fizgar su har tana neman yaga robar, dole aka yanke, kowa ya kama gabansa. Ga abin da ya raba mai rai da mamaci: yawan mutanen da ke ciki. Kwale-kwalen da ya cika maƙil, ko ya wuce ƙima, ɗumin jikinsu ya riƙe su, nauyinsu kuma ya hana iska kifar da shi. Wanda mutum uku ko huɗu suka samu kansu a ciki, ga fili amma babu ɗumi, irin waɗannan ne aka tarar da gawarwaki. Waɗanda suka rayu sun yi ta hana juna barci, da waƙa, da addu'a, da mari in ta kama, suna kwashe ruwan da ke shigowa, suna sa waɗanda suka ƙone a tsakiya. Har fitsari sun riƙa yi a leda su rungume don ɗuminsa.

Sai washegari, 3 ga Mayu, jirgin sama mai sintiri ƙirar Neptune ya hango su, iska da ruwa sun kwashe su nesa da inda jirgin ya nutse. Wasu sun yi fiye da awa 30 a ciki kafin a kai gare su. Wani ƙaramin jirgi, Gurruchaga, shi kaɗai ya kwashi mutum sama da 300, ninkin ba ninkin abin da aka ƙera shi ya ɗauka.

Ɗanlami, Farin Gada:
Anti Dakta, in an ciro mutum a wannan hali, ba sai a murza masa jiki a ba shi abu mai zafi ba?

Dakta Rifkatu, Tudun Wada:
Kul, kada a murza. Jinin da ke hannu da ƙafa ya yi sanyi sosai, in ka murza ka kora shi zuwa zuciya, bugunta na iya rikicewa ta tsaya. A ɗago shi a kwance, ba a tsaye ba, domin in aka miƙar da shi jini na zubowa ƙafafu ya sume, wasu a bakin ceto suke mutuwa saboda haka. A yanke jiƙaƙƙun kaya da almakashi maimakon a yi ta jujjuya shi, a shimfiɗa abu a ƙarƙashinsa, a rufe kai da wuya, a ɗumama ƙirji da hammata tukuna. Abin sha mai ɗumi da sukari sai in yana cikin hayyacinsa yana iya haɗiya. Giya ba ta da wuri a nan ko kaɗan, buɗe jijiyoyin fata take yi ɗumin ya ƙara tsiyayewa. Wannan ya shafi yaranmu da ke faɗawa tsofaffin kududdufan kuza lokacin hunturu.

Hajiya Binta, Anguwar Rogo:
Ni fa har yanzu zuciyata ba ta kwanta da harbin ba. An ce jirgin yana wajen da'irar da Ingila da kanta ta shata ta hana shiga, kuma ya juya baya yana tafiya yamma. In haka ne ai kisan gilla ne.

Barista Nuhu, Rayfield:
Hajiya, duka biyun gaskiya ne. Da'irar mil 200 na teku ce kewaye da tsibiran, kimanin kilomita 370, ta fi nisan Jos zuwa Abuja. Belgrano na wajenta da kamar mil 35, kuma ya fuskanci yamma. Amma ga abin da ɗaya ɓangaren ke riƙe da shi. Ranar 23 ga Afrilu Ingila ta aika wa Ajantina saƙo ta hannun Suwizalan cewa duk jirgin da ta ga barazana ne ga rundunarta za ta far masa, ba ta ce sai a cikin da'ira ba. Kuma a dokar yaƙin teku, jirgin yaƙin abokin gaba halattaccen abin hari ne a buɗaɗɗen teku, ko ina ya sa gaba, tunda juyawa aikin minti kaɗan ne. Admiral Woodward, kwamandan rundunar jiragen Ingila, yana tsoron a sa shi tsakiya, jirgin Ajantina mai ɗaukar jiragen sama, Veinticinco de Mayo, ta arewa, Belgrano ta kudu, ga kuma wani tudu a ƙarƙashin ruwa, Burdwood, inda Conqueror zai iya ɓatar da sawu. Majalisar yaƙin firaministar Ingila Margaret Thatcher ta ba da izini ranar 2 ga Mayu. Shi kansa Bonzo, har ya rasu a 2009, yana cewa aikin yaƙi ne ba laifin yaƙi ba, kuma jirginsa ba yawon shan iska ya fita ba.

Inda gwamnatin Ingila ta jawo wa kanta zargi shi ne bayanin farko da ta yi wa majalisa, cewa jirgin na matsowa kusa da rundunarta. Ɗan majalisa Tam Dalyell ya yi ta bin maganar, wani babban ma'aikacin ma'aikatar tsaro, Clive Ponting, ya tura masa takardu, aka gurfanar da shi, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi a 1985. Ga kuma shirin sulhu da shugaban Peru, Belaúnde Terry, ke kai-kawo a kansa a daidai ranakun, wanda ya mutu tare da jirgin. Wasu iyalai sun kai ƙara kotun kare haƙƙin ɗan Adam ta Turai a 2000, aka ƙi saurara saboda lokacin shigar da ƙara ya wuce. A ganina harbin ya tsallake a doka. Wanda ba zai tsallake ba shi ne Janar Galtieri, shugaban Ajantina na lokacin, da 'yan majalisar mulkin sojansa, da suka tura tsohon jirgi cike da yara gaban abin da suka san ba su da maganinsa.

Hajiya Binta, Anguwar Rogo:
Na ji hujjar Barista, ban kuma ƙaryata ba, amma halal a takarda ba ya share hawayen uwa. Bari in koma tambayar Malam Sabo ta uku, don ita ce tawa. Gawa 23 kawai aka samu. Mutum 300 suna can tare da jirgin, zurfin kusan mita 4,200, ya ninka tsayin dutsen Shere daga bakin teku fiye da sau biyu. A 2003 National Geographic tare da sojan ruwan Ajantina sun fita nemansa, ba su gan shi ba. Waɗanda suka mutu a kan tsibiran suna da maƙabarta a Darwin, inda aka rubuta wa da yawa cewa Allah kaɗai ya san su, har Red Cross ta tono su a 2017 aka gwada ƙwayoyin halittarsu da na dangi, aka gane sama da 110. Iyayen yaran Belgrano ba su da ko wannan.

Abin da ƙasar ta yi musu shi ne, dokar 2001 ta ayyana wurin da jirgin yake a matsayin kabarin yaƙi, ba a taɓa shi. Jiragen sojan ruwa in sun ratsa wurin sukan tsaya a jefa furanni. A Buenos Aires, a dandalin San Martín, akwai allunan baƙin dutse 25 ɗauke da sunayen duka 649, ba a sa muƙamin kowa ba, yaron tilas da hafsa sahu ɗaya. A garuruwansu kuma an sa wa tituna da makarantu sunayensu, wanda a wurina ya fi komai, don yaro zai tambayi malaminsa wane ne wannan. Amma fa ba da wuri aka yi ba. Da aka sha kashi, sojoji sun dawo da waɗanda suka tsira a ɓoye, aka ce su yi shiru, fansho na ƙasa sai 1990. Aikin tilas ɗin ma bai ƙare ba sai 1994, bayan an kashe wani yaro, Omar Carrasco, a barikin Zapala.

Malam Kabiru, Dilimi:
Allah ya saka wa Hajiya. Rashin gawa ba ƙaramin abu ba ne ko a wurinmu, yana da hukunce-hukunce. Wanda ya nutse, hadisi ya lissafa shi cikin masu ladan shahada. Sallar gawa daga nesa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Najjashi sarkin Habasha. Shafi'iyya da Hanbaliyya sun ɗauke ta hujja, Malikiyya da Hanafiyya suna ganin ta keɓanta da shi, sai dai a yi addu'a da sadaka. Matar wanda ya ɓace kuwa, a mazhabar Malik, in ta kai magana gaban alƙali aka bincika ba a sami labari ba, takan jira shekara 4, sannan ta yi takaba wata 4 da kwana 10. Amma in shaidu sun tabbatar yana cikin jirgin da ya nutse kuma ba ya cikin waɗanda aka ciro, alƙali na iya hukunta mutuwarsa ba sai an kai haka ba. Ka ga komai ya koma kan rajistar waɗanda suka shiga jirgi.

Barista Nuhu, Rayfield:
Haka yake a dokar shaida ta Najeriya ta 2011, shekara 7 ba labari kafin kotu ta ɗauka mutum ya mutu, sai in an kawo hujjar da ta gajarta. Iyalan Belgrano ba su shiga wannan wahalar ba saboda an san mutum 1,093 ne, da suna da lamba, aka cire 770. Kwatanta da jiragen kwale-kwalenmu a Neja da Kebbi, in sun kife sai ka ji ana kintace, domin ba wanda ya rubuta sunan kowa a bakin ruwa.

Baba Ishaya, Rukuba:
Tunda an zo gida, mu a nan Filato muna da namu yaran tilas ɗin. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa kuzarta, sai ta juyo kanmu. Daga 1942 zuwa 1944 aka yi diban gwamna: a yanka wa sarki adadi, ya raba wa hakimai, su raba wa dagatai, a tattaro talakawa daga lardunan Zariya, Bauchi, Binuwai da sauransu, a kawo su haƙar kuza. Dubun dubatar mutane ne. An kawo mutanen ƙasar zafi kan tsauni ba bargon kirki, ba isasshen abinci, ciwon huhu da gudawa suka yi ta ɗauka. Ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni a Abuja da nan Jos don sojoji, ya kuma dace, amma waɗannan ba su sa kaki ba, ba wanda ke kiran sunansu. Hukumar kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ma ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000, galibi 'yan Afirka da suka mutu a yaƙin duniya na ɗaya, ba a rubuta sunansu a ko'ina ba.

Malam Sabo, Gangare:
Baba ya kawo mu inda ya kamata. Shawarata, ranar 2 ga Mayu bayan la'asar mu haɗu, Musulmi da Kirista, a karanta sunayen yara 102 ɗin, kowa ya yi addu'a yadda addininsa ya koya masa, daga nan mu buɗe rajistar mutanen diban gwamna.

Hajiya Binta, Anguwar Rogo:
Malam, in za a karanta a karanta duka 323, kada mu raba abin da su ba su raba ba. Suna ɗaya daƙiƙa 5, minti 27 ke nan. A raba wa mutum 6, kowa 54, na ƙarshe 53. Sunayen Sifaniyanci ne, a rubuta wa kowa yadda ake furtawa da harafin Hausa kwana biyu kafin ranar, don harafin J a wurinsu kamar H yake, H kuma ba a furta shi. A buga da manyan baƙaƙe, layi ɗaya suna ɗaya, in ba haka ba mai karatu zai tsallake wani bai sani ba.

Barista Nuhu, Rayfield:
Rajistar kuma a yi mata gurabe tun farko: sunan mutum da na mahaifinsa, laƙabinsa, ƙauye da gunduma, dagacin da ya ba da shi, shekarar da aka tafi da shi, sansanin da aka kai shi, ya dawo ko bai dawo ba, sai sunan wanda ya ba da labarin da dangantakarsu. Laƙabin nan kada a raina shi, Audu da Musa sun yi yawa, da shi za a bambance. In shekara ta ɓace wa tsoho, a tambaye shi wane ne hakimi a lokacin. Abin da aka ji daga baki ɗaya a sa masa alama, sai an samu na biyu a tabbatar. A nemi izinin iyali kafin a ɗauki murya. Takardun lardin Filato na zamanin Turawa suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, sai an je da takardar neman izini da katin shaida.

Ɗanlami, Farin Gada:
Ni zan buga sunayen in kai wa Hajiya ta duba furucin. Malam, gurabe 8 na ƙirga a na Barista, in sa su a takarda ɗaya ko kowane mutum da tasa?

Malam Sabo, Gangare:
Kowane mutum da tasa, Ɗanlami, ka bar bayanta fari don abin da tsofaffi za su ƙara. Ka fara buga 50. Baba Ishaya zai haɗa mu da dattawan Bukur da Barikin Ladi, da su za mu soma ranar Asabar in Allah ya kai mu.